Mai Rabon Iska na Unguwar Wambai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, surukina kuwa ya riga mu. Ya rasu a tsakiyar bazarar bana, a ɗakinsa da ke jikin zauren gidanmu. Tun daga ranar jana'iza har sadakar bakwai ƙofar gidan ba ta huta ba.

Maƙeran gwangwani na bakin kasuwa sun rufe rumfunansu sun zo gaba ɗaya, hannuwansu baƙi ƙirin, suna ta ɓoye su cikin riga. Mai gidan burodin unguwarmu, wani Bayarabe da ya tsufa a garin nan, ya yi sallama har bakin ƙofar cikin gida yana share hawaye da hularsa. Ya ce da Inna, wato uwar mijina, "Mama, Baba ya tafi. Hayaki na gidan burodi ya kusa kashe ni, shi ne ya nuna masa hanya." Wata tsohuwa Bagwariya ta taso daga ƙauye da doya a kafaɗa, ta dire a gaban Inna, ta ce tun da marigayin ya huda mata rufin madafi idonta bai sake zubar da ruwa ba sai yau.

Gwaggo, yayarsa, ita kaɗai ce ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ƙafa tana jan carbi, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Mai taurin kai ne. Ni ce babba, amma ko a nan sai da ya sha gabana."

Cikin masu gaisuwa akwai wani baƙo, ɗaya daga cikin waɗanda aikin sabon birni ya kawo, yana haya a maƙwabtanmu. Ya ɗaga kai ya ga bakin wani bututun kwano a rufin zaure, ya tambayi mijina ko na mene ne. Ban ga laifinsa ba. Garin da sunansa ma ya canza a gabanmu, muka kwana a Abuja muka tashi a Suleja, wa zai tsaya tuna wani tsoho mai ƙirar gwangwani? Tambayar nan ce ta zaunar da ni rubutu. Sunan surukina dai ba zan faɗa ba. Ban taɓa faɗa ba yana raye, ba kuma zan fara don ya kwanta dama ba. Baba muke ce masa.

Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata masaƙa a Kaduna, cikin masu haɗa manyan bututan kwano da ke zuƙe ƙurar auduga suna shigo da iska. Da ya gaji da zaman birni ya dawo gida ya kafa rumfa, yana ƙera bokiti da mazurari da fitilar aci-balbal. Wannan shi ne abincinsa. Amma zuciyarsa tana wajen iska. Bai taɓa shiga ɗaki ya kalli mai ɗakin da farko ba, sai ya kalli rufi. In ya je gaisuwar mara lafiya, kafin ya ce "ya jiki" ya riga ya ce "ina tagar ɗakin nan?" Abokansa na masallaci suna tsokanarsa, wai ranar da ya shiga Aljanna sai ya nemi a nuna masa inda iska ke fita. Shi kuwa ko a jikinsa, yakan ce ai tambaya ce mai kyau.

Gidanmu dogo ne, ɗakuna a jere ƙarƙashin rufin kwano ɗaya: zaure, ɗakin Baba, ɗakin Inna, na Gwaggo, sannan namu a can ƙarshe. Wanda ya san zafin bazara a ƙarƙashin kwano ya san abin da nake nufi. Baba ya ƙera wata hular kwano mai wutsiya ya kafa a kan rufin zaure. Duk inda iska ta ɓullo, wutsiyar sai ta juya bakin hular ya fuskance ta. Daga nan bututu ɗaya ya bi tsakanin kwano da silin har ƙarshen gida, kowane ɗaki da bakinsa, kowane baki da ɗan marfi a ciki, da waya da ta sauko jikin bango wadda ake ja a buɗe ko a rage. Yara daga wasu unguwanni sukan zo kallon hular tana juyi.

Ƙera bututun bai ba shi wuya ba, rabon ne aikin. Yakan ce, "Iska raguwa ce. Ƙofar da ta fara gani ita take faɗawa, ba ruwanta da na ƙarshe. In kana so na nesa ya samu, sai ka rage wa na kusa." Yana da ma'auninsa: ɗan allo kamar tafin hannu, da zaren auduga a rataye, da zane-zane da ya yi da ƙusa. In an kara shi a bakin bututu, iska sai ta ture zaren, a duba zanen da ya kai. Kowane ɗaki yana son zaren ya kai zane na uku. In ya wuce, ɗakin ya ci rabon wani. Akwai ɗaya da ya rataye dindindin a ɗakinsa, yana kallonsa kamar yadda wasu ke kallon agogo. Inna takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ke auna abin da ba a gani ba, a bar shi da gari a kwano ba zai san mudu nawa ba ne.

Ni kuwa da aka kawo ni gidan, tsakanina da shi sai kunya, irin ta da, ba ta wasa ba. Mijina ne ɗansa na fari, ko sunansa Baba ba ya kamawa, "yaron nan" yake cewa, balle ni. Ni "mai ɗakin ƙarshe" ce. In na ji tarinsa a zaure na shige ɗaki. In muka yi kiciɓis na durƙusa na kalli ƙasa, shi ya kalli bango, ya ce wa bangon, "An tashi lafiya?" Inna ce ke amsa masa a madadina. Na shekara nawa a gidan ban san kalar idonsa ba. Amma duk ranar kasuwa sai na tarar da ƙullin gyaɗa ko rake a bakin ƙofata, ba wanda ya ce ga mai ajiyewa.

Haihuwata ta fari a gidan iyayena na yi, kamar yadda aka saba. Namiji ne. Bai kai arba'in ba ƙirjinsa ya kama, ya koma. Ba na son tsawaita wannan. Na faɗa ne don a san da wace zuciya na shiga haihuwa ta biyu.

Ta biyun a gidan miji na yi, don uwata ta rasu a tsakani. Mace ce, aka haife ta ana tsakiyar zafi. Mijina direban babbar mota ne, bayan suna ya ɗauki kaya ya yi kudu. Gwaggo ce ta karɓi jegona, kuma wallahi ta riƙe ni riƙon uwa. Ruwan wanka yana tafasa take tsoma ganye ta fyaɗa mini, ina ihu tana cewa in yi shiru kada in ba ta kunya. Kunun kanwa ba ya yankewa. Gadon ƙasan da ke ɗakina ta hura wuta a ƙarƙashinsa, ta rufe taga, ta saki labule mai kauri a ƙofa. Sannan ta taka kujera ta cusa tsumma a bakin bututun Baba, ta ce ba a ɗakin maijegonta ba.

Na bar ta, domin haka aka yi mini a gidanmu, haka aka yi wa uwata. Amma bayan 'yan kwanaki na fara jin abin da na sani. Numfashin jaririyar ya soma fita da ɗan fito, ƙirjinta yana lotsawa in ta ja. Na zauna ina kallonta cikin hayaƙi. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, don wannan karon na san inda hanyar take zuwa. Na gaya wa Gwaggo, ta ce sanyi ne ya shige ta, ta ƙara itace.

Ba wanda ya kai wa Baba labari. Zaren ɗakinsa ne ya gaya masa. Ya ga ya wuce zane na uku ba tare da iskar waje ta ƙaru ba, ya san an toshe wani baki a gidan, rabon wani yana dawowa kansa. Ya duba na zaure, ya duba na Inna, ya leƙa na Gwaggo. Da hantsi sai na ji muryarsa a tsakar gida, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Yaya, me kika sa a bututun ɗakin ƙarshe?"

"Tsumma na sa. Sai me?"

"A cire."

"Kai, tafi can wajen gwangwaninka. Yaushe namiji ya fara sa baki a jego? Ni na goya ka, majinarka ma ni na share."

"Na sani, Yaya. Amma wuta a ɗaki, ba shiga ba fita, me jaririya za ta shaƙa?"

"Abin da ka shaƙa ka girma!" Sai muryarta ta karye. "Kai ba ka san komai ba, kana cikin tsumman goyo. Ni na ga uwarmu. An bar ƙofa a buɗe, sanyi ya shige ta, ta kumbura, ba ta ga arba'in ɗinka ba. Ba zan binne wata maijego da hannuna ba."

Ina daga ciki na ji tausayinta ya kama ni, don ashe ita ma tsoron ne, nata dai ya girmi nawa. Baba ya sauke murya. Ya ce ba zai taɓa wutarta ba, ba zai taɓa wankanta ba. Zai karkatar da bakin bututun ya kalli bango, yadda iska ba za ta sauka a jikin maijego ba, ya kuma buɗe wa hayaƙi hanya ta sama. In ta ji iska ta taɓa fatar hannunta a kan gado, ta mayar da tsummanta, ba zai sake magana ba. Gwaggo ta ce ta ji, amma ya sani in wani abu ya same ni ba ita ba shi har abada.

Ya hau rufi da rana tsaka, tsoho da shi, kwano yana ƙuna. Ya ɗaga falle ɗaya ya yi aikinsa ta sama, don ko a wannan hali ba zai taka ɗakin matar ɗansa ba. Ya kafa ɗan bututun fitar hayaƙi, ya lanƙwasa bakin shigar iska. Saura rabo. Ɗakina ne na ƙarshe, abin da ke isowa bai taka kara ya karya ba, sai an rage wa na gaba. Kuma dole wani ya riƙe ma'auni a ɗakina yana faɗin inda zare ya kai.

Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa wannan abin. Inna idonta ba ya ganin zanen. Sai ni. Aka miƙo mini allon, na tsaya a kan kujera na kara. Baba yana can yana jan wayoyi ɗaki-ɗaki, ni in gaya wa Inna, Inna ta ja ƙafarta mai ciwo ta kai masa, ta dawo da tambaya. Kafin ta je ta dawo iskar waje ta canza, abin da na faɗa ya zama tsohon labari. Tun tana yi da dariya har ta zauna a bakin rijiya ta ce mu kashe ta mu huta.

Can sai na ji murya a saman kaina, daga cikin bututun. Ashe ya taka turmi a ɗakinsa ya sa baki a nasa bakin. Muryar ta zo a shaƙe, kamar daga cikin tulu.

"A tambayi mai ɗakin ƙarshe, zaren ya kai ina?"

Ba kowa a ɗakin da za a tambaya sai ni da jaririya. Na kalle ta, tana ja da ƙyar. Na ajiye kunya gefe, na amsa.

"Yana na ɗaya, Baba."

Na ɗauka na yi abin da ba a yi. Sai muryar ta dawo a hankali. "To, 'yata. Riƙe shi daidai, kada hannunki ya karkace."

Haka muka yi ta yi. Ya rage na zaure, ya dawo ya tambaya. Ya rage na Inna, ya rage na Gwaggo tana mita. Zaren ya ɗaga ya kai na biyu, ya tsaya nan. Na gaya masa. Ya ce, "Bai isa ba." Na ce ai an samu sauƙi, hayaƙin ma ya fara bin hanyarsa. Ya ce, "Na uku ne rabonta. Ki sa ido."

Ina kallo zaren ya yi rawa, ya tashi, ya kwanta a kan zane na uku. Murna ta sa na manta da kaina, na ɗaga murya na ce, "Ya kai, Baba! Ya kai!" Ba amsa. Na sake faɗa, ba amsa. Sai daga baya na gane dalili. Marfin ɗakinsa ya ja ya rufe ruf, shi ya sa iskar ta iso, shi ya sa kuma muryata ba ta da ta inda za ta same shi.

Ba zan ce bututu ne kaɗai ya raya 'yata ba. Washegari Baba ya sa Inna ta raka ni asibiti, abin da ba a yi wa maijego, aka ba mu magani, aka ce ƙirjinta mai rauni ne, a raba ta da hayaƙi. Gwaggo ma, ba tare da ta ce wa kowa komai ba, ta daina sa ɗanyen itace, ta koma kawo garwashi daga madafi. Kullum takan miƙa hannu a kan gadona ta ji ko iska na taɓawa, ta ja tsaki don ba ta samu abin faɗa ba. Muka yi arba'in lafiya, ni da yarinyar.

Baba ya so yarinyar nan. "Amaryata" yake ce mata, yana tsokanar Inna wai an yi mata ritaya. Ya ƙera mata 'yan tukwane da ɗan bokiti na gwangwanin madara. Ita kaɗai ce ke shiga ɗakinsa ba sallama, ta fito tana cewa ɗakin Kaka kamar tanda. Gaskiya ta faɗa. Fuka ba ta sake ta ba, duk bazara in ɗaki ya ɗau zafi sai ƙirjinta ya riƙe, saboda haka marfin Baba bai sake buɗuwa ba. Mijina ya yi magana har ya gaji. Da baƙi suka fara cika gari, maƙwabcinmu ya gina ɗakunan haya ya toshe 'yar tagar da ta rage masa. Baba ya ce ba komai, shi da ma a zaure yake wuni. Ni da shi kuwa muka koma yadda muke, ina durƙusawa yana gaida bango. Sai dai yanzu in ya ce "an tashi lafiya?" ni nake amsawa.

Hayaƙin dalma na shekara da shekaru ya taru a ƙirjinsa. Bana da zafi ya shigo sai Baba ya kwanta ciwo. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, ya ce a ɗakinsa yake so. Numfashinsa ya koma irin wanda na sani, ja da fito. A makon ne kuma fukar yarinyar ta tashi, ina jinyar ɗaya a ƙarshen gida ina jin tarin ɗaya a farkonsa.

Ranar Laraba bayan azahar, yana barci, mijina ya lallaɓa ya ja wayar ya buɗe marfin. Ban hana shi ba. Ba a jima ba Inna ta zo ta ce Baba yana kirana. Na ce ni? Ta ce ke, kuma ya ce ki shigo ciki.

Ban taɓa taka ɗakin ba sai ranar. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya rame ƙwarai, iska tana kaɗa gashin gemunsa, kuma na ga yadda yake jin daɗinta, yana buɗe baki yana karɓa. Mijina yana tsaye a gefe ya sunkuyar da kai.

"Na ce wa yaron nan ya rufe, ya ƙi," in ji Baba, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Ya jikin amaryata?"

Na so in ce da sauƙi. Na kasa yi masa ƙarya. Na ce, "Tana ja da ƙyar, Baba."

"To kin gani. Wannan da nake sha, daga bakinta aka ɗebo." Ya juyo ya kalle ni, ido cikin ido, karo na farko. "Shi ɗana ne, ba zai iya ba. Ke uwa ce. Tashi ki ja wayar nan, 'yata. Ni na sha rabona."

Na kalli mijina, hawaye yake yi. Na tashi na kama wayar. Ta yi tsatsa, sai da na sa hannu biyu. Na ji marfin ya rufe a sama, gemunsa ya daina motsi. Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka."

Ban koma ɗakina ba, Gwaggo ta ce ita za ta zauna da yarinyar. Na ɗauki maficin kaba da ke gefen shimfiɗarsa, na zauna dab da kansa inda surukar kirki ba ta zama, na fara yi masa fifita. Hannun dama ya gaji na koma hagu. Inna tana tofa masa addu'a, mijina yana laƙƙana masa kalmar shahada, yana amsawa a hankali, har ya zamana leɓɓansa kawai ke motsi. Aka kira la'asar ina fifita. Na ji Inna ta yi salati, ban tsaya ba. Ina ta yi, ina ta yi, sai da mijina ya riƙe mini hannu ya ce, "Ya isa haka. Ya daina buƙata."

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya shi. A duniya dai a ɗaki mai zafi ya kwana saboda 'yata.